Asuba ko tsakar dare: Yaushe marubutan labarai ke zama su yi rubutu?

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe sabon littafin rubutu ya rangaɗa “Babi na Ɗaya” a saman shafin farko, ya san abin da kan biyo baya. Shafi uku ko huɗu na farko da gudu suke zuwa. Daga nan sai aikin gida na lissafi ya shigo, sai gwajin mako, sai aike, sai Islamiyya. Kafin a ankara zangon karatu ya ƙare, jarumar labarin kuwa tana nan tsaye a bakin ƙofar da aka bar ta tun watan jiya.

In ka tambayi mai irin wannan littafi abin da ya tsayar da shi, da wuya ya ce labarin ne ya ƙare masa. Amsar kusan kullum ɗaya ce: “Ba ni da lokaci.” Daga nan kuma sai gardama ta ɓarke a ƙungiyar adabi ta makaranta. Wasu su ce marubucin gaske da asuba yake rubutu, wasu su rantse cewa sai dare ya tsala basira ke sauka. Gardamar tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin akwai ’yan aji biyar da aji shida da ke raba dare suna buga labari a waya don tura wa zaurukan WhatsApp, gari na wayewa su tafi aji suna gyangyaɗi, ga WAEC da NECO na ƙaratowa. Shi ya sa a wannan mako muka bi sawun wasu mashahuran marubutan duniya mu ga ƙarfe nawa suke zama, muka kuma leƙa abin da masana barci suka gano game da jikin matashi.

Ba mu ne farkon masu wannan bin diddigi ba. A 2013 wani Ba’amurke mai suna Mason Currey ya fitar da littafi sukutum, Daily Rituals, inda ya tattaro tsarin yinin marubuta da masu zane da mawaƙa da masana 161. Wanda ya karanta shi da fatan samun sa’a guda da kowa ya yarda da ita, zai rufe littafin hannu rabbana. Amma akwai abubuwan da ke maimaita kansu, kuma su ne za su yi wa ɗalibi amfani.

Ma’aikacin gidan waya da agogonsa

A Ingila an yi wani marubuci, Anthony Trollope, wanda aka haifa a 1815 ya rasu a 1882. Ma’aikacin gidan waya ne daga 1834 har 1867, shekara 33 ke nan, kuma shi ake danganta wa shigo da akwatunan jefa wasiƙa na bakin titi a ƙasar. Duk da wannan aiki ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47, da yawansu masu kaurin da za a iya tokare ƙofa da su.

Yadda ya yi hakan shi da kansa ya bayyana a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883. Ƙarfe 5:30 na asuba yana kan teburinsa. Yana da wani dattijon bara da yake ƙara wa fam 5 a shekara don kawai ya tashe shi ya kawo masa gahawa, kuma ya ce dattijon bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Rabin sa’ar farko Trollope kan karanta abin da ya rubuta jiya, don kunnensa ya sake kama sautin labarin. Sannan ya ajiye agogonsa a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15. Ku lissafa: kalma 1,000 ke nan a sa’a. In sa’a ukun nan ta cika sai ya tashi ya karya kumallo ya tafi ofis. In kuwa ya kammala littafi alhali da sauran lokaci, sai ya jawo sabuwar takarda ya fara na gaba.

Wannan bayani bai yi wa masu sharhin adabi na zamaninsa daɗi ba. Sun ga kamar ya mayar da hikima aikin kafinta, alhali su a tunaninsu marubuci jiran saukar ilhama yake yi. Shi kuwa Trollope da ma abin da yake nufi ke nan: ya sha kwatanta marubuci da mai ɗinkin takalma, wanda in ya gama ƙafa ɗaya ba ya zaman jiran wani abu ya sauko masa kafin ya kama ta biyu. Har yau ana buga littattafansa ana karantawa.

Iyaye mata da asuba

Toni Morrison, baƙar fata mace ta farko da ta lashe kyautar Nobel ta adabi a 1993, ita ma ’yar asuba ce, sai dai ba sha’awa ce ta kai ta can ba da farko. Edita ce a kamfanin ɗab’i na Random House a Amurka, ga ’ya’ya maza biyu ƙanana da take reno ita kaɗai. Lokacin da ya rage mata shi ne kafin yaran su farka, wajen ƙarfe 5. A wata doguwar hira da mujallar Paris Review ta buga a 1993, ta bayyana cewa bayan yaran sun girma ta kuma ajiye aikin ofis, sai ta gano cewa da ma kanta ya fi washewa kafin rana ta fito. Takan haɗa gahawa tun da duhu, ta zauna tana kallon yadda haske ke shigowa, sannan ta fara.

Labarin Buchi Emecheta ya fi kusa da mu, ya kuma fi ɗaci. An haife ta a Legas a 1944, ta bi mijinta Landan a 1962, ta haifi ’ya’ya biyar cikin ’yan shekaru. Littafin farko da ta rubuta da hannunta, mijin ne ya ƙone shi. Tana da shekara 22 ta rabu da shi, ta riƙe yaran, tana aiki a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, tana kuma neman digiri a Jami’ar Landan. Rubutu kuwa sai da sassafe kafin gidan ya motsa. Ta haka In the Ditch ya fito a 1972, Second Class Citizen a 1974, sai The Joys of Motherhood a 1979. Shi ma littafin da aka ƙone ta sake rubuta shi, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price. Ɗalibanmu na adabin Turanci da yawa sun karanta Second Class Citizen don jarrabawa ba tare da sanin ƙarfe nawa aka rubuta irinsa ba.

Ernest Hemingway, mai The Old Man and the Sea, wanda ya samu Nobel a 1954, gari na fara haske yake kamawa a gidansa na Kyuba, kuma a tsaye yake rubutu. Dalilinsa mai sauƙi ne: babu mai damunka, ga sanyin safiya. Yana da kwalin da yake rubuta yawan kalmomin kowace rana, galibi wajen 500. Haruki Murakami na Japan kuwa ƙarfe 4 yake tashi in yana kan littafi, ya yi sa’a biyar ko shida yana rubutu, da rana ya yi gudun kilomita 10 ko ninƙaya. Ku riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa: ƙarfe 9 na dare Murakami ya riga ya kwanta.

’Yan dare

Masu goyon bayan dare su ma suna da hujja, kuma hujjarsu ta farko a gida take. Mu Hausawa labari da dare muka san shi. Sai an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma, farin wata ya fito, sannan kaka ta buɗe baki. Yaron da ya matsa sai an yi masa tatsuniya da rana akan ce masa sai an ɗaure Gizo tukuna. Wannan camfi yana da aikin da yake yi: rana ta gona ce da aike da surfe, wanda ya zauna sauraron Gizo da Ƙoƙi da hantsi aikinsa zai kwana. Dare ne kaɗai lokacin da babu mai bin kowa bashin aiki.

A cikin marubutan Turai babu wanda ake ambata a wannan fage kamar Franz Kafka, mutumin birnin Prague, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1924. Ma’aikacin wata hukumar inshorar ma’aikata ne, yana zaune da iyayensa a gida mai hayaniya. A wata wasiƙa da ya aika wa budurwarsa a 1912 ya zayyana yininsa: ofis daga ƙarfe 8 zuwa wajen 2 na rana, abinci, barci har wajen 7:30 na yamma, motsa jiki, ɗan yawo, abincin dare, sannan ya zauna rubutu wajen ƙarfe 11 har ƙarfe 1 ko 2 ko 3. A daren 22 ga Satumban wannan shekara ya zauna tun ƙarfe 10 bai tashi ba sai 6 na safe, ya rubuta gajeren labarinsa The Judgment daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Irin wannan dare ne kowane matashin marubuci ke mafarki. Sai dai littafin da Kafka yake rubuta sirrin zuciyarsa cike yake da kukan rashin barci da ciwon kai da gajiya, kuma manyan littattafansa uku duk bai ƙarasa su ba. Tarin fuka ne ya yi ajalinsa yana da shekara 40.

Honoré de Balzac na Faransa ya fi shi tsanani. Bashi ne ya yi masa katutu, shi ya sa yake rubutu kamar ana korarsa. Yakan kwanta ƙarfe 6 na yamma, a tashe shi ƙarfe 1 na dare, ya yi ta rubutu har 8 na safe, ya ɗan runtsa na sa’a ɗaya da rabi, ya sake komawa har la’asar, yana ɗirkar baƙar gahawa. Ya bar labarai kusan 90 a ƙarƙashin suna ɗaya, La Comédie humaine, ya rasu a 1850 yana da shekara 51.

Yanzu ku sake duba waɗannan jadawali biyu. Kafka yana barcin yamma na kusan sa’a huɗu kafin ya zauna. Balzac yana yin sa’a bakwai cur kafin a tashe shi, ga kuma ƙarin na safe. Wato ’yan daren nan sun matsar da barcinsu ne zuwa wani wuri a cikin yini, ba su yafe shi ba. Haka Murakami mai tashi ƙarfe 4 ya riga ya biya kuɗin asubarsa tun ƙarfe 9. Ɗalibin da ya ce zai kwaikwayi Kafka, alhali ƙarfe 7:30 na safe ana jiransa a taron safe, rabin tsarin kawai ya ɗauka, kuma rabin da ya fi cutarwa.

Wani abin lura: shi kansa Murakami littafinsa na farko, wanda ya fito a 1979, da tsakar dare ya rubuta shi a teburin kicin, bayan ya rufe gidan shan gahawa da kiɗan da yake gudanarwa a Tokyo. Sai da ya sayar da wurin ya koma rubutu zalla sannan ya zama ɗan asuba.

Waɗanda aiki ya zaɓa musu lokaci

Najib Mahfuz na Masar, Balarabe na farko da ya ci Nobel ta adabi a 1988, ma’aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya a 1971. Safiyarsa ta ofis ce, rubutu sai bayan an tashi, na ’yan sa’o’i ƙayyadaddu, kuma mutanen Alƙahira sun san shi da kiyaye lokaci. In zafi ya shigo ma yakan ajiye alƙalami gaba ɗaya na watanni saboda ciwon ido da ke taso masa a lokacin. Gabriel García Márquez na Kolombiya da dare yake rubuta labaransa sa’ad da yake ɗan jarida, bayan an gama aikin jarida. Da ya koma rubutu kaɗai sai ya mayar da shi ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, domin lokacin ne ’ya’yansa ke makaranta.

A namu adabin ma haka abin ya faro. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga da boko, malaman makaranta ne suka fi haskawa a cikinta. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana malanta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Mutane ne masu aji da ɗalibai da takardun dubawa, a ratar da aiki ya bar musu suka yi rubutun. Da aka so babban aiki daga wurin Imam, sai da aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya a 1936 na kimanin wata shida, a nan ya rubuta Magana Jari Ce.

Agogon da ke cikin kai

Me ya sa wani ke farkawa garau da asuba, wani kuma sai bayan isha’i kansa ke buɗewa? A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin halitta kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. In duhu ya yi sai ya ba da umarni a saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Masana uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun samu Nobel ta likitanci a 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke juyawa a cikin ƙwayar halitta, kuma da ƙananan ƙudajen da ke bin ’ya’yan itace suka yi bincikensu.

Agogon kowa da saitinsa, wani gado ne, wani kuma shekaru ne ke kawo shi. A nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye. Binciken Mary Carskadon ta Jami’ar Brown a Amurka ya nuna cewa da zarar yaro ya fara balaga, agogonsa kan ja baya: melatonin ya riƙa makara, barci ya ƙi zuwa da wuri, tashin safe ya zama yaƙi. Till Roenneberg na Jami’ar Munich a Jamus, bayan nazarin amsoshin dubban mutane, ya wallafa a 2004 cewa wannan jan baya yana kai ƙololuwarsa wajen shekara 20, daga nan ya fara dawowa. Saboda haka in kana jin kanka ya fi kawo wuta ƙarfe 11 na dare, ba ƙarya kake yi ba, kuma ba lalaci ba ne. Matsalar ita ce ƙararrawar makaranta ba ta ja baya tare da kai ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin sa’a 8 zuwa 10 a kowace rana. Wanda zai tashi sallar asuba ƙarfe 5:30, in yana son sa’a takwas ɗin nan, ƙarfe 9:30 ya kamata ta same shi a kwance. In ya kai ƙarfe 1 yana buga babi na bakwai a waya, sa’a huɗu da rabi ya samu. Hasken wayar kuma yana ƙara jinkirta melatonin ɗin, shayi mai kauri ko goron da aka ci don korar barci shi ma rabin ƙarfinsa na nan a jini bayan kimanin sa’a biyar.

Asarar ba ta tsaya ga gyangyaɗi a aji ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Har ma da ita basirar da ake raba dare dominta. A 2004 masana a Jami’ar Lübeck ta Jamus suka ba mutane wani aikin lambobi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba su gaya musu akwai ta ba. Daga cikin waɗanda suka yi barcin sa’a takwas kafin su sake gwadawa, kusan kashi 60 cikin 100 sun gano hanyar. Waɗanda ba su yi barci ba kuwa, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba.

Akwai kuma wani bincike da ya juya maganar ta wata fuska. A 2011 Mareike Wieth da Rose Zacks suka gwada ɗaliban jami’a 428 a Amurka, bayan sun tantance masu safiya da masu dare. Sun ba su tambayoyi iri biyu: masu bukatar bin mataki-mataki kamar lissafi, da masu kama da kacici-kacici, waɗanda amsarsu kan faɗo wa mutum farat ɗaya. A irin na biyun, masu safiya sun fi ƙoƙari da yamma, masu dare kuma sun fi ƙoƙari da safe, wato kowa a lokacin da ba nasa ba. Bayanin da suka bayar shi ne, in kai ya ɗan gaji, mai gadin da ke korar tunanin da bai shafi aiki ba yakan sassauta, sai baƙin tunani su samu shiga, wani lokaci kuma a cikinsu amsar take. Kacici-kacici suka gwada, ba rubutun labari ba, amma marubuta sun daɗe da sanin wani abu mai kama da haka. Mary Shelley tana da shekara 18, tsarar ’yan aji shida, sa’ad da hoton dodon Frankenstein ya faɗo mata a wani daren 1816 tana kwance barci ya ƙi zuwa, a wani gida kusa da tafkin Geneva. Hoton a dare ɗaya ya zo. Littafin kuwa sai da ta shafe watanni tana aikinsa, ya fito a 1818.

To, ɗalibi fa?

Mu dai a ganinmu, ga ɗalibin sakandare a lokacin da makaranta ke buɗe, tsakar dare ita ce mafi tsada a duk sa’o’in yini, kuma ba mu ba kowa shawarar ya saye ta ba. Bayan wannan, sauran lokutan duk halal ne, sai dai kowanne da sharaɗinsa.

Bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau ƙwarai, ga sanyi, ga shiru, ba a bukatar jiran a kawo wuta in gari ya fara haske. Da ma iyayenmu sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma almajiran tsangaya sun daɗe da sanin daɗin hadda a wannan lokaci. Sharaɗinsa shi ne na Murakami: a kwanta da wuri. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi biyar don rubutu, shi da ɗan tsakar dare duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A kuma ba kai minti 15 zuwa 20 ya wartsake kafin a ɗauki biro, domin nauyin barci ba ya sakin mutum nan take.

Sai dai mun san gidajenmu. A gidaje da yawa asubar yarinya ba tata ba ce: shara, wanke-wanke, hura wuta, ɗumame, shirya ƙanne. Gaya wa irin wannan ɗaliba ta kwaikwayi Hemingway rashin adalci ne, tunda shi akwai masu yi masa girki da shara. Ita ratarta tana iya kasancewa tsakanin dawowa daga boko da tafiya Islamiyya, ko bayan magariba, ko hantsin Asabar da Lahadi. Kuma yana da kyau a nemi lokacin a fili maimakon a sace shi. “Umma, in na gama wanke-wanken yamma, don Allah a ba ni minti ashirin in yi rubutuna” magana ce da iyaye da yawa za su amsa, musamman in sun ga littafin da idonsu kuma sakamakon jarrabawa bai faɗi ba. ’Yan makarantar kwana kuwa ƙararrawa ta riga ta yanka musu yini gunduwa-gunduwa. Lokacin firef na karatun jarrabawa ne, kada a ci amanarsa. Amma akwai bayan wanki ranar Asabar, akwai yammacin Lahadi, sun fi tocila a ƙarƙashin bargo bayan an kashe fitila.

Minti ashirin ɗin nan kada ku raina shi. Shafi ɗaya na littafin rubutu yana ɗaukar kalma 150 zuwa 200, gwargwadon hannun mutum. Kalma 150 a rana, cikin kwana goma ta zama 1,500, tsawon cikakken gajeren labari irin wanda ake shiga gasar Hikayata da shi, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016. Kalma 200 sau biyar a mako, a zango mai mako 12, ta zama 12,000. Graham Greene na Ingila ya shafe shekaru yana rubuta kalma 500 kacal a rana, in ta cika ya ajiye alƙalami ko da a tsakiyar fage yake.

Dabaru biyu za su taimaka wa mai ɗan gajeren lokaci. Ta farko ta Hemingway ce: ka tsaya alhali ka san abin da zai faru a gaba. Kada ka rubuta har rijiyar ta ƙafe. In jarumarka ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ƙofa kuma ka san wanda zai buɗe, rufe littafin a nan. Gobe ba za ka ɓata rabin lokacinka kana tauna biro ba. Masu karanta Dare Dubu da Ɗaya sun san wannan dabara, da ita mai ba da labarin ta riƙa tsira da ranta duk wayewar gari. Ta biyu kuma ita ce raba aikin gida biyu. Ajiye ƙaramar takarda da biro kusa da matashi. In wani tunani ya faɗo maka kana shirin barci, ko kana cikin Keke Napep, ko kana layin famfo, rubuta shi a layi ɗaya ko biyu ka bar shi. Ginin jimloli da gyaran kurakurai kuma ka kai su lokacin da idonka ya fi buɗewa.

Wanda har yanzu bai san nasa lokacin ba, hutun ƙarshen zango dama ce ta gwaji, tunda babu ƙararrawa. A mako na farko ka yi rubutun minti 30 kullum bayan asuba, a na biyu ka mayar da shi bayan isha’i, amma ka rufe littafin kafin ƙarfe 10. Kowace rana ka rubuta abu uku a bangon baya: ƙarfe nawa ka fara, kalma nawa ka samu, sa’a nawa ka yi barci a daren da ya gabata. In mako biyun sun cika, ka bar littafin ya huta kwana uku. Sannan ka ba wani abokinka ko malamin Hausa shafukan ya karanta, ba tare da ka gaya masa wanne ne na safe wanne ne na dare ba, ka tambaye shi inda ya ji labarin ya fi jan sa.